Ƙwallo da Littafi: Darasi Daga Rayuwar Daniel Amokachi

 Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a bana shi ne wata gardama da ta daɗe tana tasowa a taron iyaye da malamai, tana kuma tasowa a cikin aji duk lokacin da aka tambayi yaro abin da yake so ya zama. Gardamar kuwa a kan ƙwallon ƙafa ce. Waɗansu iyaye suna cewa ƙwallo shashanci ne, gara a nome filin makaranta a shuka masara. Waɗansu ɗalibai kuma, musamman samarin aji biyar da aji shida, suna cewa boko ɓata lokaci ne, tunda ga masu digiri nan suna zaman kashe wando, ga 'yan ƙwallo kuwa suna kwasar kuɗi a Turai.

Mu dai a ganinmu dukan ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Yaron da Allah ya ba ƙafa, a bar shi ya buga ƙwallonsa, amma ya buga a cikin makaranta, da littafinsa a hannu, har ya gama. Za mu kafa hujjarmu da rayuwar wani ɗan jiharmu wanda kowa ya san sunansa, sa'an nan mu leƙa Amurka mu ga yadda wata ƙaramar kwaleji ta ceci wani ɗan manomi da manyan makarantu suka ƙi.

HALIN DA MUKE CIKI

Kafin mu kai can, bari mu tuna wa kanmu inda muke. Mu mutanen ƙasar Birnin Gwari mun san abin da daji ya zame mana. Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999 domin kare namun daji da itatuwa, ya koma mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru. Hanyar Kaduna, wadda ta bi ta Udawa da Buruku, ta zama hanyar da mutum ba ya shiga sai ya yi sallama da iyalinsa. Ran 15 ga Maris 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga, a kan wannan hanya tamu, da sassafe, ba a ga dawowar yara 137 ba sai ran 24 ga watan.

A irin waɗannan shekaru, abin da ya fara mutuwa a makarantu shi ne wasanni. Ba shugaban makarantar da zai riƙe yara har la'asar. Ba uban da zai yarda ɗansa ya hau mota zuwa wani gari don wasan sada zumunci. Ciyawa ta cinye filaye, gara ta ci sandunan raga, kofunan da aka ci a da suka yi ƙura a ofis. Akwai yaran da suka shiga aji ɗaya suka fita aji shida ba su taɓa ganin gasar gidaje ba.

A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe, bayan sulhun da aka yi. Motoci suka koma hanya, manoma da dama suka koma gonakin da suka bari. Ba mu ce wahala ta ƙare ba, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma lokacin tambaya ya yi: me za mu fara gyarawa? Kowa zai ce rufin azuzuwa, da bencina, da ƙarin malamai. Gaskiya ne. Mu kuwa muna roƙo a sa filin ƙwallo cikin lissafi, ga kuma dalilinmu.

YARON KADUNA

An haifi Daniel Amokachi a Kaduna ran 30 ga Disamba 1972. A nan ya tashi, a nan ya koyi ƙwallo, Hausa kuwa a bakinsa kamar ta kowane ɗan Kaduna. Tun yana da shekarun 'yan aji biyar ya shiga ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1989. A can ne mai horar da 'yan wasan Nijeriya, Clemens Westerhof, ya gan shi, ya ɗauke shi zuwa gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana da shekara 17 kacal. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe a gasar, masu masaukin baƙi suka doke ta da ci ɗaya da nema.

A wannan shekara ta 1990 ya tafi Club Brugge ta ƙasar Beljiyam. Ran 25 ga Nuwamba 1992 ya ci CSKA Moscow, wannan kuwa ita ce ƙwallon farko da aka ci a matakin rukuni bayan an sa wa gasar sunan Kofin Zakarun Turai. Bai cika shekara 20 ba a ranar. Saboda ƙarfinsa da yadda yake kutsawa cikin 'yan baya, sai aka yi masa laƙabi da Turanci mai ma'anar Bijimi.

Iyayenku da malamanku ba za su manta da 1994 ba. Muna yara a lokacin, muna cincirindo a gaban talabijin ɗaya tak a unguwa, wani lokaci da batirin mota. A watan Afrilu Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, ta doke Zambiya da ci 2 da 1. A watan Yuni ta je gasar cin kofin duniya karo na farko, a Amurka. Amokachi ya ci ɗaya a wasan da aka lallasa Bulgeriya 3 da nema, ya sake cin ɗaya a wasan da aka doke Girka 2 da nema. Bayan gasar, Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3.

A Everton ne ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa ana dariya. Ran 9 ga Afrilu 1995, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham, abokin wasansa Paul Rideout ya ji ciwo ana duba shi a gefen fili. Amokachi yana benci. Kafin mai horarwa Joe Royle ya yanke shawara, sai ga shi a cikin fili. Ya ci biyu, aka tashi 4 da 1. Everton ta je ta doke Manchester United a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin. Ba mu kawo wannan don wani ɗalibi ya yi koyi da shi ba. Wanda ya shiga filinmu ba da izinin malamin wasanni ba, zai sha noman ciyawa ko da ya ci goma.

Sai kuma babbar rana, 3 ga Agusta 1996, wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta. Ajantina tana gaba da ci 2 da 1, sai Amokachi ya farke, Emmanuel Amunike ya ci ta uku dab da tashi. Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci lambar zinariya a ƙwallon ƙafa na Olamfik. Ga abin da muke so iyaye su lura da shi: cikin 'yan wasa 18 da suka ci wannan zinariya, biyar haifaffun Kaduna ne, wato Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, da yayansa Emmanuel Babayaro. Kirista da Musulmi, gari ɗaya, riga ɗaya. Abin da ya fitar da 'ya'yan jiharmu biyar gaban duniya, ya haɗa kansu haka, bai cancanci a kira shi shashanci ba.

RANAR DA GWIWA TA ƘI

To, samari, yanzu ku buɗe kunnuwanku, domin ragowar labarin taku ce. A 1996 Amokachi ya koma Besiktas ta Turkiyya, ya ci kofin ƙasar tare da ita a 1998. A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa wasa ɗaya kawai ya buga, gwiwa ta hana shi sauran. Da ya bar Besiktas a 1999, ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta so ɗaukarsa, amma ya faɗi gwajin lafiya, aka fasa. Ya gwada Tranmere Rovers a Ingila, nan ma haka. A 2002 Colorado Rapids ta Amurka ta ɗauke shi, ta sallame shi bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba.

Ku yi lissafi da kanku. Wanda aka haifa a ƙarshen 1972, shekararsa nawa a 1999? Shekara 26. A wannan shekarun malamin makaranta bai daɗe da karɓar albashinsa na farko ba, likita bai gama koyon aiki ba. Amma mutumin da ya ci kofin Afirka, da kofin FA, da zinariyar Olamfik, sana'arsa ta fili ta riga ta zo ƙarshe. Gwiwa ba ta da fansho.

Shi dai Allah ya taimake shi, yana da suna, yana da baki, yana da kai. Ya koyi aikin horarwa, ya horar da Nasarawa United, ya zama mataimakin Stephen Keshi lokacin da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013. A 2016 ya je ya horar da wata ƙaramar ƙungiya, JS Hercules, a ƙasar Finland mai tsananin sanyi. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Nijeriya. Ku lura, duk abin da ya ci da shi bayan 1999 da kansa ya ci, ba da ƙafarsa ba. Shekarun da ya yi yana buga wa manyan ƙungiyoyi ba su wuce goma ba. Shekarun da ya yi tun daga nan sun ninka su fiye da sau biyu.

Kada ku ce tsautsayin mutum ɗaya ne. Dosu Joseph, wanda ya tsare wa Nijeriya gida a Atlanta, hatsarin mota ya raba shi da ƙwallo a 1997 yana da shekara 23. Sadiq Umar, shi ma ɗan Kaduna, ya koma Real Sociedad ta Sifen a farkon Satumba 2022, bai cika mako biyu ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya rasa sauran kakar wasa. Shi ya warke ya dawo, domin yana hannun manyan likitoci. Yaron da gwiwarsa ta tsinke a filin unguwa, wa zai kai shi? Waɗannan kuwa su ne waɗanda suka kai ƙololuwa. A bayan kowane ɗayansu akwai dubban samari da suka bar aji saboda ƙwallo, ba wanda ya taɓa jin sunansu.

Mun san ɗaya daga cikinsu. Ɗalibinmu ne, yana aji biyar, ba mu taɓa ganin mai ƙafar hagu irin tasa ba. Wani mutum ya zo da takardu masu hatimi, ya ce zai kai shi gwaji ƙasar waje. Uban ya sayar da shanun huɗa ya biya. Aka kai yaron wani babban birni aka ajiye shi a ɗaki tare da waɗansu yara, mutumin ya kashe wayarsa. Bayan wata bakwai ya dawo, kunya ta hana shi komawa aji, 'yan ajinsa kuma sun riga sun yi rajistar WAEC. Ƙarshen labarin da muka samu, yana ramin haƙar zinariya. Laifinmu a ciki shi ne, a lokacin ba mu da ƙungiyar makaranta, ba mu da gasa, ba mu da wata hanya da za mu nuna masa mu ce ga inda ƙwallo za ta kai ka in ka zauna. Ɗan damfara ne kaɗai ya zo masa da hanya.

ƊAN MANOMI DA ƘARAMAR KWALEJI

Irin hanyar da muka rasa ita ce za mu duba a Amurka. Can suna da wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu aka fi yin sa. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, kowa da hular kwano. A cikinsu akwai wanda suke kira kwatabak, mu kuwa sai mu ce madugu. Shi yake faɗa wa 'yan'uwansa dabarar da za a bi, shi yake karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya jefa wa wanda ya ga ya dace. Dole ya haddace dabaru masu yawa, ya karanci abokan hamayya cikin ƙiftawar ido. Aikin kai ne kafin ya zama aikin hannu.

A wannan wasa ba a tsallake makaranta a shiga sana'a. Daga sakandare sai jami'a, daga jami'a manyan ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suke zaɓen 'yan wasa sau ɗaya a shekara. Wanda jami'a ba ta ɗauka ba, ko don makinsa bai kai ba, ko don ba a gan shi ba, yana da sauran dama: kwalejin shekara biyu, wadda ke kusa da gida, mai sauƙin kuɗi, mai ƙungiyar wasa da gasa tata. Sharaɗin shi ne ya zama cikakken ɗalibi. In makinsa ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, ba zai sa riga ba, ko da shi ne gwanin gwanaye.

Josh Allen, wanda aka haifa a 1996, ɗan manomi ne daga Firebaugh, wani ƙaramin gari a jihar Kalifoniya. Gidansu auduga suke nomawa, da alkama, da wani irin kankana. Yana taya aikin gona, yana wasa a makarantar garinsu. Da ya gama sakandare, ba babbar jami'a ko ɗaya da ta ba shi gurbin karatu don wasa. Garin ƙarami ne, masu neman 'yan wasa ba su cika zuwa ba. Wannan ai mun san shi, mu da muke bayan daji.

Bai zauna yana zargin duniya ba. A 2014 ya shiga Kwalejin Reedley, ta shekara biyu. Wasanni uku na farko a benci ya yi su. Da aka ba shi dama ya nuna kansa, sai ya zauna ya rubuta saƙon imel ga ɗaruruwan masu horarwa na jami'o'i, ya haɗa da hoton wasansa. Kusan dukansu ba su amsa ba. Jami'ar Wyoming ta ɗauke shi. A shekararsa ta farko a can, 2015, ya karye a ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ya rasa kusan dukan kakar. Da a ce bai warke ba, da yana nan dai ɗalibin jami'a, karatunsa na tafiya. Ya warke, ya karɓi digirinsa a Disamba 2017. A 2018 ƙungiyar Buffalo Bills ta zaɓe shi, shi ne na bakwai a duk ƙasar, kuma shi aka ba kyautar gwarzon ɗan wasan NFL na kakar 2024.

Ba ɗaukakarsa ce ta fi burge mu ba. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka da kanta ta ƙiyasta cewa cikin ɗalibai ɗari masu wannan wasa, waɗanda manyan ƙungiyoyi ke zaɓa ba su kai biyu ba. Sauran fa? Yawancin abokan wasan Allen a Reedley ba wanda ya san su a talabijin. Amma wasan ya riƙe su a aji shekara ɗaya ko biyu da watakila ba za su yi ba. Tsarin yana da nasa aibi, ba mu ce a kwafo shi dungurungum ba. Abin koyi guda ne: sun ɗaure ƙwallo da littafi da igiya ɗaya, yadda mai son ɗaya dole ya ja ɗayan.

MU MA MUNA DA TSANIN

Wani zai ce wannan ai Amurka ce. To, mu ma mun taɓa yi. Segun Odegbami ya tashi a Jos, ya yi sakandare a St. Murumba, makarantar mishan kamar tamu, ya karanci injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan. Shi ne ya ci biyu a wasan ƙarshe da Nijeriya ta doke Aljeriya 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka karo na farko a 1980. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka ya karanci shari'a a Jami'ar Legas, daga baya ya zama babban lauyan gwamnatin Jihar Ribas. Muna da gasar kwalejojin ilimi, NICEGA, da ta kwalejojin kimiyya da fasaha, NIPOGA, da ta jami'o'i, NUGA. A jiharmu akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ta Nuhu Bamalli a Zariya. Da yawa daga cikinmu malamai ta irin waɗannan kwalejoji muka bi, mun kuma buga musu wasa. Tsanin yana nan. Matakinsa na ƙasa ne ya karye, wato filin sakandare, shi ne kuwa yake hannunmu.

AMSA GA MASU JA

Mun san ba kowa zai yarda da mu ba, kuma masu ja suna da hujjoji da ya kamata a amsa.

Na farko, ana cewa taura biyu ba ta taunuwa, yaro ko dai ya yi karatu ko ya yi wasa. Abin da muka gani a aji ya saɓa wa haka. Awa ɗaya da rabi sau uku a mako ba ta kayar da yaro a jarrabawa. Abin da ke kayar da shi shi ne fashin makaranta. A shekarun da muke da ƙungiya, akwai yaran da ba abin da ke kawo su ranar kasuwa sai tsoron kada a cire sunansu daga wasan Juma'a. Sun zo don ƙwallo, lissafi ya same su a zaune. Saurayin da ba shi da abin yi daga azahar zuwa magariba kuwa, a ƙasar da ramin zinariya da mutanen daji ke neman ƙarfin samari, ba sai mun faɗi abin da ake tsoro ba.

Na biyu, ɗalibai suna cewa ƙwallon ƙafa ba ta jira, Amokachi ma yana da shekara 17 ya tafi Turai. Akwai gaskiya a nan, wannan wasa da wuri ake fara shi. Amma zamani ya sauya. Tun 2001 dokar FIFA ta hana a sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a waɗansu 'yan yanayi ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili da ba na ƙwallo ba. Shekara 18 kuwa ita ce shekarar gama sakandare. Ashe ke nan dokar ƙwallo da kanta ta ba ka lokacin rubuta WAEC da NECO. Duk wanda ya zo ya ce zai kai ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai, a biya shi kuɗi, iyaye su yi hattara. Ƙungiyar gaskiya ita ke kashe kuɗi a kan yaron da take so, ba ta cewa uba ya sayar da shanu.

Na uku, maganar tsaro da kuɗi. Wannan ita ce mafi nauyi, ba kuma za mu sa ran ɗan kowa cikin hatsari don kofi ba. Amma ba sai an fara da tafiya Kaduna ba. A fara da gasar gidaje a cikin shinge, da rana tsaka, a tashi kafin ƙarfe biyar. In hankali ya ƙara kwanciya, a gayyaci makarantun cikin gari. Sandunan raga kafinta zai yi, share fili kuwa aikin safiyar Asabar ɗaya ne in kowane gida ya kawo fartanya.

ROƘONMU

Ga hukumar makaranta, muna roƙo a mayar da wasanni cikin jadawali, a kuma rubuta doka a manna a allon sanarwa: wanda bai cika kwanakin zuwa makaranta ba, ko ya faɗi jarrabawar zango, ba zai sa rigar makaranta ba sai ya gyara. Kada dokar ta zama bulala kawai. Mu malamai mu ɗauki nauyin yi wa irin waɗannan yara ƙarin darasi, domin burinmu su dawo fili, ba su bar makaranta ba. Kada kuma a manta da 'yan mata. Super Falcons sun ci kofin Afirka karo na goma a Maroko a watan Yuli 2025, ba dalilin da zai sa fili ya zama na maza kaɗai.

Ga iyaye, ku zo ku ga 'ya'yanku suna wasa. In wani baƙo ya zo muku da takardun gwaji, ku kawo mu duba tare kafin ku fitar da ko kwabo. Ga tsofaffin ɗalibai, ƙwallo biyu da riguna saiti ɗaya ba za su gagare ku ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ku ɗalibai, musamman masu fita a bana, ba mu ce ku daina mafarkin Turai ba. Yaran Kaduna biyar sun taɓa tsayawa aka rataya musu zinariya, ba abin da ya hana na gaba ya fito daga Birnin Gwari, ko Kuyello, ko Randagi, ko Dogon Dawa. Amma ku tuna shekara 26. Ku rubuta jarrabawarku, ku nemi kwaleji, ku buga mata wasa. In ƙafa ta kai ku, mun yi murna. In gwiwa ta ƙi, takardarku tana cikin akwati, ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna fata a mujallar baɗi, a shafin da ke bin wannan, za a ga hoton gidan da ya ci kofi, da sakamakon jarrabawar 'yan wasansa a ƙarƙashi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, ya kiyaye masu tafiya da masu zama. Amin.